Yadda mai sha'awar jirgin ƙasa a Zariya zai fara aiki da rediyon 'yan sha'awa

Zariya gari ne da layin dogo ya raba hanya a cikinsa. Layin da Turawa suka shimfiɗo daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, daga baya wani reshe ya tashi daga tashar da ke Sabon Gari ya nufi Funtua da Gusau har Ƙauran Namoda, sannan akwai ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da ma'adinan kuza na ƙasar Jos, mai faɗin milimita 762, wanda aka rufe a 1957. Tsohon layin da ya rage faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon da ake ginawa tsakanin Kaduna da Kano tun 2021 kuwa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Mutanen da ke son wannan tarihi, daga tsofaffin ma'aikatan reluwe zuwa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Cibiyar Fasahar Sufuri da ke kan hanyar Basawa, suna da yawa, amma a warwatse suke, kuma kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa a wasu ƙasashe masu irin sha'awarsu sun daɗe suna haɗa ta da rediyon 'yan sha'awa, wato rediyon da mutum ke karɓar lasisi ya yi magana da shi don koyo da gwaji, ba don neman kuɗi ba. A Turai ma'aikatan jirgin ƙasa masu wannan rediyo suna da ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa mai suna FIRAC tun shekarun 1960.

Abin da ya kamata a fahimta tun daga farko shi ne, amfanin wannan rediyo ga mai son jirgi a Zariya guda biyu ne: ya yi magana da 'yan uwansa masu sha'awa iri ɗaya, kuma ya sanar da duniya tarihin wannan mahaɗa. Leƙen asirin ma'aikata ko yaɗa labarin inda jirgi yake ba ya cikin aikin, kuma zan dawo kan dalili a inda ya dace.

Mataki na farko: saurare kafin magana

Kada ka fara da sayen na'urar da ke tura magana. Ka ɗauki makonni kana sauraro kawai, domin a nan ne kunne ke sabawa da yadda masu rediyo ke gabatar da kansu, da yadda suke taƙaita zance, da yadda suke ba juna dama. Hanya mafi arha ita ce shafukan WebSDR a intanet, inda wasu suka jona rediyonsu don kowa ya saurara kyauta, kuma wanda ya fi shahara shi ne na Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan. Ka buɗe zangon mita 20, tsakanin megahaz 14.000 da 14.350, da rana ko da yamma, za ka ji tashoshi daga ƙasashe daban-daban suna kiran juna. Wanda ke da kwamfuta kuma yana iya sayen 'yar na'urar nan mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR, wadda ke kama daga wajen megahaz 24 zuwa sama da 1,700, ya sa mata manhaja irin SDR#, sai ya riƙa ganin siginar da ke yawo a sararin Zariya a kan allo. Da ita ma ana iya jin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a kan megahaz 145.800 idan ta gifta kuma aka yi sa'a tana aiki.

A wannan lokaci ne za ka haddace haruffan furuci na duniya, su Alfa, Bravo, Charlie, da 'yan gajerun alamomi da kowa ke amfani da su: QTH na nufin wurin da kake, QSO na nufin tattaunawar da aka yi, 73 kuma gaisuwar bankwana ce.

Mataki na biyu: lasisi

Dokar Najeriya kan sadarwar da ba ta waya ba, wadda asalinta ya faro daga 1961, ta hana kafa ko amfani da na'urar tura saƙo ta iska ba tare da lasisi ba. Kasancewar ana sayar da oba-oba a kasuwa a fili bai mai da amfani da ita halal a idon doka ba. Ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce ƙungiyar Nigeria Amateur Radio Society, wadda ke wakiltar ƙasar nan a ƙungiyar duniya ta IARU da aka kafa a birnin Faris a 1925. Mambobinta ne za su nuna maka ofishin gwamnatin tarayya da ke karɓar takardu a halin yanzu, da abin da ake biya, da yadda ake gwada ilimin mai nema. Abin da za ka karanta bai wuce ƙarfin wanda ya gama sakandare ba: tushen lantarki da dokar Ohm, yadda eriya ke aiki, iyakokin zanguna, da ladubban magana. Tun taron duniya na 2003 aka bar wa kowace ƙasa ta yanke ko za ta ci gaba da tilasta koyon rubutun Mos, wato aika haruffa ta gajeru da dogayen sautuka, saboda haka ka tambayi matsayin da ake kai lokacin da za ka nema. Idan an amince, za a ba ka lambar kira da ta fara da 5N, wadda duk mai rediyo a duniya zai ji ya san daga Najeriya kake.

Ka yi wa takardar lasisin hoto, ka like kwafi ɗaya a cikin jakar rediyo, domin a gefen layin dogo za a tambaye ka ita fiye da ko'ina.

Mataki na uku: na'ura da iyakar zango

Don magana a cikin gari da kewaye, zangon mita 2 ake amfani da shi, kuma oba-oba mai ƙarfin wat 5 ta wadatar. A nan ne masu farawa suka fi faɗawa rami. Duniya ta kasu shiyya uku a tsarin rabon zanguna, Afirka da Turai suna shiyya ta ɗaya, inda zangon mita 2 na 'yan sha'awa ya tsaya daga megahaz 144 zuwa 146 kacal. A Amurka ya kai har 148, don haka duk wani gurbi, wato lambar megahaz da ake magana a kai, da ka gani a shafin masu son jirgin ƙasa na can wanda ya haura 146, ba namu ba ne. Haka nan jerin gurabun da kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka ke aiki da su a tsakanin megahaz 160 da 162, waɗanda 'yan kallo a can ke saurara har su ji na'urar gefen layi tana sanar da direba cewa ƙafafun taragunsa lafiya lau suke, tsarin can ne, bai shafi jirginmu ba.

Matsalar ita ce, ƙananan oba-oba masu arha irin Baofeng UV-5R suna zuwa a buɗe daga megahaz 136 zuwa 174, kuma ba za su hana ka danna maɓallin magana a wurin da ba naka ba. A Zariya wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tana nan tun 1964, jiragenta na horo suna shawagi a kan gari, zangon jiragen sama kuma ya kai har megahaz 137. Ga kuma barikokin soja a cikin gari da Basawa. Saboda haka ranar da ka sayi na'urar, ka jona ta da kwamfuta, ka buɗe manhajar CHIRP, ka goge duk gurabun da ta zo da su daga masana'anta, ka shigar da naka kaɗai, sannan ka kulle tura magana a duk abin da ke wajen 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440, wanda shi ma zangon 'yan sha'awa ne. Gurbin kira na kowa da kowa a wannan shiyya shi ne 145.500, a can ake haɗuwa, sannan a matsa zuwa wani gurbi kusa, misali 145.450, a bar na kira a buɗe ga wasu.

Mataki na huɗu: eriya, inda aikin gaske yake

Siginar zangon mita 2 tana tafiya ne kusan iya inda ido zai hango, don haka tsayi ya fi ƙarfin wuta muhimmanci. Akwai lissafi mai sauƙi: ka ɗauki tushen murabba'in tsayin eriyarka a mita, ka ninka da 4.1, sai ka sami nisan da za ta kai a kilomita idan fili ne. Mutumin da ke tsaye riƙe da oba-oba, eriyarsa na kan tsayin mita ɗaya da rabi, nisansa wajen kilomita 5 ne; idan abokin maganarsa ma haka yake, jimla kilomita 10, kuma gidajen kwano da bishiyoyin Sabon Gari za su rage wannan sosai. Amma idan ɗaya ya ɗaga eriyarsa a kan bututun mita 9, nisansa shi kaɗai ya haura kilomita 12, ya ishe shi ya riƙe mutumin Samaru da na Tudun Wada da na cikin Birni a lokaci guda. Wanda kuma ya hau Kufena da na'urarsa zai ji wurare da ba zai taɓa ji daga ƙofar gida ba, sai dai a je da rana, a cikin jama'a, da sanin mutanen wurin.

Eriyar roba da ke zuwa da oba-oba ba ta da wani kirki, kuma wadda ta fi ta ana iya haɗa ta a teburin mai gyaran rediyo cikin awa guda. Ka nemi soket ɗin nan mai faranti mai kusurwa huɗu da ake kira SO-239, da wayar tagulla mai kauri irin ta wayarin gida, a feɗe mata roba. A yanka guda ɗaya mai tsawon santimita 49, a narka dalma a like ta a tsinin tsakiyar soket ɗin ta tsaya cak. A yanka wasu huɗu masu tsawon santimita 50, a lanƙwasa bakin kowace kamar ƙugiya, a ɗaure su da ƙananan kusoshi a ramuka huɗun farantin, sannan a karkato su ƙasa rabin hanya tsakanin kwance da tsaye, kamar haƙarƙarin lema da aka buɗe. Wannan karkatawar ce ke daidaita eriyar da na'urar. A shafe wurin da aka like da gam mai hana ruwa, domin ruwan Agusta idan ya shiga cikin kebul ya gama da shi, kuma ba za ka gane ba sai ka ga abokai sun daina jin ka.

Kebul ɗin da ya dace mai om 50 ne, irin RG-58, ba na talabijin mai om 75 ba. Ka taƙaita tsawonsa gwargwadon iko, domin mita 20 na RG-58 a wannan zango na iya cinye fiye da rabin ƙarfin da na'urarka ta fitar. Idan ka sami aron ma'aunin SWR, mai nuna yadda eriya ta dace da na'ura, ka gwada: ƙasa da 2 ya yi, ƙasa da 1.5 ya fi, kuma ana gyarawa ne ta hanyar rage tsawon wayar tsakiya kaɗan-kaɗan, milimita biyu ko uku a kowane karo. Bututun da za ka ɗora ta a kai ya yi nesa da wayar wutar lantarki ta yadda ko ya faɗi ba zai taɓa ta ba. Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗo, ka cire kebul daga na'ura ka ajiye bakinsa a waje. Da hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura tana tara wuta a jikin eriya, don haka cirewa idan ba a aiki al'ada ce mai kyau duk shekara.

Mataki na biyar: fita gefen layi

Kafin ka tsaya da rediyo a kusa da tasha, ka shiga ka gaida shugaban tashar da jami'an tsaron wurin. Ka yi sallama, ka ce: "Ranka ya daɗe, mu masu sha'awar tarihin jirgin ƙasa ne, ga lasisinmu na rediyo, muna neman izinin tsayawa a inda kuka ga ya dace." Idan ya ce a rubuto, ka rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta hannun ofishinsa, ka jira amsa. Idan ya ce a'a, magana ta ƙare a ranar. Ni a ganina wannan gaisuwa ta fi duk kayan da ke cikin jakarka daraja, domin tsofaffin ma'aikata su ne suka san inda ƙaramin layin Jos ya bi ya fita daga gari, kuma ba sa buɗe baki ga wanda ya tsallake su.

Dalilin wannan taka-tsantsan sananne ne. Tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, baƙon mutum riƙe da oba-oba a gefen layin dogo abin tuhuma ne, kuma jami'in da ya tsare shi bai yi laifi ba. Maganar rediyon 'yan sha'awa a buɗe take, duk mai na'urar da ta kai megahaz 145 zai ji ka, kuma ƙa'idar duniya ta hana ɓoye ma'anar saƙo da wata alama ta sirri. Saboda haka kada ka taɓa faɗin lokacin tashin jirgi, ko inda ya kai, ko yawan taragunsa, ko abin da ya ɗauko, ko yawan jami'an da ke rakiyarsa. Masu kallon jirgi a wasu ƙasashe suna yi wa juna irin wannan sanarwa, amma yanayinmu bai ba da dama ba. Idan kuma a wajen juya maɓalli ka ci karo da maganar ma'aikata, ka wuce; dokar rediyo ta duniya ta hana tsinkayar saƙon da ba na jama'a ba da kuma yaɗa abin da aka ji, ballantana sa baki a ciki.

To, me za a yi da rediyon? A tsara tafiyar ƙafa ta bin tarihin layi, rukuni biyu ko uku, da mutum ɗaya a gida mai doguwar eriya yana haɗa su. Rukuni ɗaya ya duba tsofaffin gine-ginen unguwar reluwe, wani ya bi inda reshen Funtua ya rabu da babban layi, kowa yana faɗa wa na gida abin da ya gani: shekarar da aka zana a jikin ƙarfen diga, sunan masana'antar da ta ƙera shi, irin gadar da aka tarar. Na gida yana rubutawa. Tsarin kiran kuwa shi ne ka saurara tukuna, ka faɗi lambar wanda kake nema, sannan taka, ka saki maɓalli. Ka danna ka jira daƙiƙa ɗaya kafin ka fara magana don kada farkon kalmarka ya yanke, kuma ka riƙa maimaita lambarka lokaci-lokaci da kuma a ƙarshen zance. Ba laifi a yi hirar da Hausa.

Game da lafiyar jiki, tsohon layi ya kan yi shiru na tsawon lokaci har mutane su saki jiki, alhali jirgi ko motar duba layi na iya ɓullowa ba sanarwa. Jikin tarago ya fi digarsa faɗi, kuma jirgi mai kaya yana cin ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Ba a tafiya a tsakanin ƙarafan diga, ba a hawa gadar jirgi, ba a toshe kunnuwa biyu da abin sauraro. Wurin da ake aikin sabon layi kuma filin ɗan kwangila ne, ba a shiga sai da izini.

Mataki na shida: kafa tashar tunawa da layin dogo

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi daɗi, kuma a nan ne Zariya ke da abin faɗa. Kowace shekara, a ƙarshen makon da ya fi kusa da 27 ga Satumba, masu rediyo a Ingila suna gudanar da shirin Railways on the Air, wanda ƙungiyar rediyo ta garin Bishop Auckland ke shiryawa don tunawa da buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825. Suna kafa tashoshi a tsofaffin tashoshin jirgi, suna kiran juna da duk wanda ya ji su. A watan Satumba agogon Ingila da na Najeriya daidai suke, don haka ba wahalar lissafin lokaci, kuma tasha mai lambar 5N ba kasafai ake jin ta ba, wanda hakan ke sa da zarar ka yi kira mutane su yi layi suna jiran ka.

Wannan aiki na gajeren zango ne, wato irin zangunan da ke kai magana ƙasashe masu nisa, yana buƙatar babbar na'ura, don haka ya fi kyau a haɗa kuɗi ko a gayyaci wani gogaggen mai lasisi ya zo da tasa. Na'ura mai wat 100 tana jan wajen amfiya 20 lokacin magana, saboda haka batir mai amfiya-awa 100 zai ɗauki yini idan aka rage ƙarfi zuwa rabi. A yi aiki kai tsaye daga batir, a kashe inbata da janareto, domin su ne manyan masu cika zango da ƙara. Wasu na'urorin cajin sola ma haka suke. Eriyar kuwa waya ce kawai mai hannu biyu da kebul a tsakiya. Don isa Turai a zangon mita 20, kowane hannu ya zama kimanin mita 5, a ɗaga ta iya iko, a shimfiɗa ta daga gabas zuwa yamma, saboda irin wannan eriya ta gefenta take harbawa, wato arewa da kudu. Don zangon mita 40, daga megahaz 7.000 zuwa 7.200, kowane hannu mita 10 ne, kuma idan aka bar ta ƙasa-ƙasa, a tsayin mita 5 ko 6, siginar tana miƙewa sama ta dawo ta rufe ɗaruruwan kilomitoci a kewaye da rana. Da wannan ne za a iya haɗa garuruwan layin da kansu, Kano da Gusau da Ƙauran Namoda da Minna da Jos, in akwai masu lasisi a can. Satumba a Zariya damina ba ta gama tafiya ba, sai a fara da safe a kwance eriya kafin hadarin la'asar.

Ka shirya abin da za ka faɗa a jimla biyu ko uku na Turanci, domin wanda ya kira ka ba zai jira dogon bayani ba: cewa kana magana ne daga mahaɗar Zariya, a kan layin da ya isa Kano a 1911, inda reshen Ƙauran Namoda ya tashi. Idan an tambayi lambar wurinka a taswirar masu rediyo, Zariya tana cikin murabba'in JK31. Mutum ɗaya ya riƙe makirfo, wani ya zauna da littafi yana rubuta lambar kowace tasha, da gurbi, da ƙarfin sigina, da lokaci a agogon UTC, wanda ke bayan namu da awa ɗaya. Daga wannan littafi ne za a aika katin QSL na tabbatar da tattaunawa, kuma ya kamata a buga shi da hoton tashar da aka ɗauka da izini. Takardar neman wurin kafa tasha da saƙon sanar da masu shirya taron su fita tun watan Yuli ko farkon Agusta, domin amsar ofis ta kan ɗauki lokaci. Idan ba a sami harabar tashar ba, filin wata makaranta ko gidan wani da ke kusa da layi ya wadatar, muddin akwai bishiyoyi biyu da ke da tazarar da za ta ɗauki wayar mita 20.